Yadda za ka gane inda harkar inji ta dosa a Formula 1 tun kafin a fara tsere

Mutane da yawa da suka fara kallon Formula 1 direba kawai suke bi, wannan na Hamilton ne wancan na Verstappen ne, sai kakar ta zo su ga gwaninsu yana ta fama a baya su rasa dalili. To wallahi sau da yawa an riga an yanke hukuncin tun shekara biyu ko uku da suka wuce, a ofis, ranar da aka sa hannu a kwantiragin inji. In kana so ka riƙa gane abin tun da wuri ga yadda nake bi.

Ka fara da sanin wa ke ba wa wa inji, ka rubuta ma a takarda in ta kama. A 2026 masu ƙera inji biyar ne. Mercedes na ba motarta, tana ba McLaren da Williams da Alpine. Ferrari na ba kanta da Haas da Cadillac, sabuwar tawaga ta 11. Red Bull yanzu da kanta take ƙera nata a Milton Keynes ta Ingila tare da Ford, ita da ƙanwarta Racing Bulls. Honda ta koma wajen Aston Martin. Audi kuma ta saye tawagar Sauber ɗungurungum, tana haɗa inji a Neuburg ta Jamus, bodi kuma a Hinwil ta Suwizalan. Kar sunan da aka manna a jikin mota ya ruɗe ka, ka tambayi a wane gari ake ƙera injin, domin akwai shekarun da Red Bull ta yi tana tsere da injin Renault amma an rubuta masa TAG Heuer, sunan kamfanin agogo.

Sai abu na biyu wanda shi ne ya fi komai a ganina, ka raba tawagar da injin nata ne da wadda saye take yi, wato kwastoma. Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin bakanike ana ƙoƙarin ɗora injin wata mota a kan wata ya san wahalar, nan bai zauna ba, can sai an yanka, lagireto ya yi kaɗan, waya ba ta kai ba. Haka abin yake a can sai dai da kuɗi masu yawan gaske. Mai inji yana zana bodi da inji tare ne tun daga farko, injiniyan bodi ya ce ina so bayan motar ya tsuke don iska ta wuce, na inji ya matsar masa da kaya. Kwastoma kuwa abin da aka miƙo masa shi zai gina mota a kai, ko ya yi masa ko bai yi ba. Doka ta ce dole injin da za a ba kwastoma ya zama iri ɗaya da na mai shi, har yadda ake saita ƙarfinsa, amma doka ba ta ba shi bakin magana a lokacin zane ba.

Amma fa kar ka ɗauka kwastoma ba ya cin kofi. McLaren da injin Mercedes na saye ta ɗauki kofin tawagogi a 2024, karo na farko tun 1998, ta doke ita kanta Mercedes ɗin, ta sake ɗauka a 2025. Brawn ma, wadda ita ce tsohuwar tawagar Honda, a 2009 da injin Mercedes ta ci bayan Honda ta tattara ta tafi ta bar su. Abin lura shi ne lokaci. In dokar inji ta daɗe kowa ya gama sanin sirrinta, kwastoma mai injiniyoyi na kirki zai iya kamo mai inji har ya wuce shi. In kuma doka sabuwa ce fil, mai inji ne ke da kan gaba, kamar 2014 da aka shigo da injin V6, wato mai silinda shida, mai lita 1.6 da turbo da lantarki, Mercedes ta riga kowa shiri ta kwashe kofin tawagogi takwas a jere har 2021. Saboda haka duk lokacin da ka ji an ce za a canza dokar inji, ka koma kan takardarka ka sa alama a kan masu ƙera nasu.

Kuma 2026 irin wannan shekarar ce. An cire MGU-H, na'urar nan da ke tatsar lantarki daga zafin hayaƙin salansa, wadda tsadarta da wuyarta suka hana sababbin kamfanoni shigowa shekara da shekaru. An ɗaga ƙarfin lantarki daga kilowat 120 zuwa 350, har ya zama kusan rabi da rabi tsakanin batir da injin mai, sannan man kansa dole ya zama wanda ba daga ɗanyen man ƙasa aka tace shi ba. Wannan dokar ce ta jawo Audi ta sanar da shigowarta a Agustan 2022, ita ce ta jawo Ford, ita ce kuma ta sa Honda ta yi amai ta lashe, bayan ta ce a Oktoban 2020 za ta fita sai ga ta a Mayun 2023 tana sanar da haɗuwa da Aston Martin. Tunda mai ya zama fagen gasa, ka riƙa duba abokin mai ma, Petronas da Mercedes, Shell da Ferrari, Aramco da Aston Martin, ba talla kawai suke yi ba, a ɗakin gwaji suke.

Na uku, ka duba zaman auren, don babban suna da babban suna ba shi ke nufin za a zauna lafiya ba. Labarin McLaren da Honda har yanzu yana taɓa ni. Sun dawo tare a 2015 kowa na tuna zamanin direbobi Senna da Prost da suka ci kambu da McLaren mai injin Honda, McLaren ta nace sai an yi mata inji ƙarami matsattse don bayan motar ya tsuke, Honda kuma ta shigo a makare da shekara guda, inji ba ƙarfi ga lalacewa. A Suzuka ta Japan, filin Honda na kanta, a gaban shugabanninta da 'yan ƙasarta, ana ta wuce Alonso direban McLaren a miƙaƙƙiyar hanya sai ya yi ihu a rediyo cewa wannan injin GP2 ne, wato na ƙaramin aji, duniya duk ta ji. A ƙarshen 2017 aka rabu. Honda ɗin nan dai ta je Toro Rosso, wato Racing Bulls ta yanzu, a 2018 inda aka bar ta ta yi ta gwaji ba tsangwama, ta hau Red Bull a 2019, Verstappen ya ci kambu huɗu daga 2021 zuwa 2024 da injin da Honda ta ƙera a Sakura ta Japan. Kamfani ɗaya ne, abin da ya canza shi ne yadda aka zauna da shi. To ka riƙa sauraron bakin shugabannin tawaga bayan tsere ya ɓaci, in ka ji sun fara ɗora laifi kan mai inji a gaban 'yan jarida to igiyar ta fara tsinkewa, haka Red Bull ta yi ta yi wa Renault duk da kofuna huɗun da suka ci tare daga 2010 zuwa 2013, har aka rabu.

Ka kuma tambayi wa ke da iko. Porsche ta kusa shiga da Red Bull, magana ta watse a Satumban 2022 saboda Porsche na son rabin tawagar ita kuma Red Bull ba ta son a riƙe mata sitiyari. Ford ta yarda da zaman abokin aiki shi ya sa tata ta ɗore.

Na huɗu shi ne uwar kamfani. Masu ƙera motoci ba don son tsere kaɗai suke zuwa ba, in ciniki ya faɗi ko shugabanci ya canza sai su janye. Honda ta fita ƙarshen 2008, BMW da Toyota suka bi a 2009. Na kwanan nan da ya fi ba ni takaici shi ne Renault, wadda ta kawo turbo cikin wasan a 1977, ta rufe aikin injin Formula 1 na Viry-Châtillon ta Faransa a ƙarshen 2025 ta mayar da tawagarta Alpine kwastomar Mercedes, saboda saye ya fi ƙerawa araha nesa ba kusa ba. Don haka in kana bin Audi ko Honda kar ka tsaya a labarin fili, ka riƙa leƙa labarin kasuwancinsu, ribarsu, wa aka naɗa shugaba.

Sai ka duba ranar ƙarewar kwantiragi. McLaren da Williams sun ɗaure da Mercedes har 2030. Cadillac aro take yi wajen Ferrari kafin injin uwar kamfaninta General Motors ya nuna, an tsara shi zuwa 2029. Haas na da Ferrari a inji amma tun Oktoban 2024 ta ƙulla haɗin fasaha da Toyota, ni dai ina sa ido a nan sosai. Kuma tun 2025 Mohammed Ben Sulayem, shugaban FIA hukumar da ke tsara dokokin wasan, ke ta maganar komawa inji mai sauƙi mai ƙara, irin V10 ko V8 da man zamani. In aka yi haka farashin inji zai sauko ƙananan tawagogi su sarara, amma kamfanonin da lantarki ne ya kawo su za su sake lissafi, don haka duk ranar da ka ji an zauna taron dokar inji ta gaba, ka fara neman abin da Audi da Honda suka ce kafin na kowa.