Yadda ake cin Babbar Sallah da ƙananan yara a Kaduna ba tare da kan uwa ya juye ba

Duk wadda ta ce miki Sallah hutu ce, ki tambayeta ko yaranta sun girma ne ko kuma 'yan aiki biyu gareta. Gwamnati ta bada hutun kwana biyu, boko an tashi, islamiyya an rufe, maigida ya samu ya miƙe ƙafa a falo, ke kuwa ranar ce aikinki yake ninkuwa. Ni yarana uku, babban shekararsa bakwai, mai bi masa mace ce tana huɗu, sai auta da ko biyu bai cika ba, kuma sai da na sha wuya Sallah wajen uku kafin na gane cewa da cikin yaro da barcinsa ake tsara Sallah, idon mutane kuwa ba ya ƙoshi balle ki ce zaki biye masa.

Bari in fara da tela tunda shine yake fara saka mutum hawan jini. Ki kai ɗinkin yara tun watan Zulƙida, kar ki jira a ga watan Zulhajji, domin daga ranar da aka ce an ga wata kwana goma kacal ya rage miki kuma duk telan da ke Kaduna ya riga ya karɓi abinda yafi ƙarfinsa. Akwai shekarar da na kai a makare, mutumin nan ya rantse min da Allah jajibere da la'asar zan karɓa, ƙarfe goma sha ɗaya na dare Abban yara yana tsaye a shagon ana saka maɓalli, rigar yarinya kuma hannu ɗaya yafi ɗaya tsawo. Yadi dai ko Kasuwar Bacci kika shiga ko Santara zaki samu daidai aljihunki, amma dan Allah ɗan shekara biyu ba ruwansa da shadda mai sitati, goge masa wuya take yi yayi ta ƙaiƙayi yana kuka ke kuma kina cewa rigima ce. Leshi ma haka, in ba a saka masa shafi mai laushi a ciki ba soka fata yake. Ki ce tela ya ɗan saki ɗinkin, ki kuma tanadi kaya na biyu marasa nauyi, ko na gwanjo ne masu kyau, saboda na farkon hoto kawai za'a ɗauka da su kafin miya ta gama da su. Takalmi kuma a basu su taka a tsakar gida kwana biyu kafin Sallah, sabon takalmi yana cizo.

Kitso da lalle ki gama su ana saura kwana biyu ko uku. Ki tsaya a kan mai kitson kar ta ja gashin gaban goshi, in kika ga ƙananan ƙuraje sun fito a bakin kitson toh an ja da yawa, a warware. Lalle kuma ja zalla ni nake sakawa 'yata, wannan baƙin da ake haɗawa da rinin gashi yana iya tayar da fatar yaro ta kumbura ta yi ruwa, zanen ya zauna kamar ƙuna, na gani da idona a hannun 'yar maƙociyarmu kuma ya daɗe bai ɓace ba.

Cefane ba sai na koya miki ba, kawai dai kayan da basa lalacewa irinsu mai, fulawa, sikari, kayan ƙamshi da gawayi ki siya da wuri, in kina kusa da Kawo ki bi kasuwar Talata ta satin da ya gabaci Sallah. Kuma kar ki ja yara zuwa kasuwa ranar jajibere, ba abinda zaki tsinta sai ciwon kai.

Sai maganar rago. In Allah ya hore za'a yi layya, a bar babansu ya tafi Zangon Tudun Wada da babban yaron, yana jin daɗi kuma yana koyon yadda ake duba haƙori da taya kuɗi. Amma in ragon zai kwana biyu a gida kafin yanka ki shirya, yara shaƙuwa suke da dabba da wuri. Tawa ta tsakiyan har suna ta saka masa, tana kai masa dusa da ɓawon kankana, ranar Sallah da ta leƙo ta ga an kwantar da shi ta saki wata irin ƙara sai da maƙota suka leƙo, ranar ko romo bata taɓa ba. Laifina ne, ban gaya mata komai ba. Yanzu tun ranar da aka sauke rago nake zaunar da su in basu labarin Annabi Ibrahim da ɗansa Annabi Isma'il da ragon da aka fanshe shi da shi, in ce musu wannan ragon baƙo ne, ranar Sallah za'a yanka mu ci mu bawa mutane. Wanda bai so ya kalli yankan kar a tilasta masa, kar kuma 'yan uwa su yi ta masa dariya wai matsoraci. A ɗaure ragon nesa da inda ƙarami yake rarrafe ko tatata, rago yana tunkuya kuma kansa daidai ƙirjin yaro yake.

Safiyar Idi, manya da yawa basa cin komai sai an sauko an yi yanka, haka sunna ta zo, toh wannan na manya ne. Yaro ki cika masa ciki kafin ki saka masa sabbin kaya, koko ne, kunun gyaɗa ne, shayi da burodi ne, ko ma ɗumamen tuwon jiya. Naman nan da ake ɗoki ba zai shiga baki ba sai wajen azahar, wani gidan ma sai la'asar in mai fiɗa ya yi ta yawo gida gida, kuma rabin kukan da yara suke yi ranar Sallah yunwa ce kawai. Wanda zai bi babansa Idi, ko masallacin Sultan Bello ne ko filin unguwa, ki rubuta lambar wayarki da ta babansa a 'yar takarda ki saka masa a aljihu, ki kuma koya masa cikakken sunan babansa da sunan unguwarku, don yaro in ya ɓace aka tambayeshi sunan babansa "Abba" zai ce, kuma Abba sun fi dubu a filin. Shekarun nan Sallar tana faɗowa farkon damina, ta 2024 ranar 16 ga Yuni aka yi, ta 2025 kuma 6 ga Yuni, kowace shekara tana matsowa baya da kamar kwana goma sha ɗaya, saboda haka lema da leda ta shimfiɗawa ƙarƙashin darduma kar a manta.

Aikin nama, nan ne nafi so ki nutsu. Tsakar gida ranar nan wuƙaƙe ne a ƙasa, adda, bokitin ruwa, murhun gawayi, kasko cike da tafasasshen mai, ana babbakar kai da ƙafa a gefe, mata biyar kowa hannunta a jiƙe ana hira ana dariya. Kowa yana ganin ai akwai mutane yaro ba zai yi komai ba, alhali ba mai kallonsa ko ɗaya. Abinda nake yi yanzu shine in kira mutum ɗaya da sunanta, ƙanwata ko 'yar yayata mai hankali, in ce mata ke yau ba ruwanki da nama, auta ne aikinki, kasonki na soye yana nan ninki biyu. In zata shiga banɗaki ma sai ta miƙa shi hannu da hannu. In babu mai riƙe miki shi ki goya abinki ki yi aikin da ba na wuta ba, wankin kayan ciki ko yanka, suyar ki barwa wata, goyo da kaskon mai basa haɗuwa. Bokiti da baho masu ruwa a kife su da an gama, ƙaramin yaro ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi.

In tsautsayi ya gifta yaro ya ƙone, Allah ya kiyaye, ruwa mai sanyi na famfo ko na randa zaki yi ta zubawa a wurin har kamar minti 20, banda ƙanƙara. Kar ki bari a shafa makilin ko manja ko ɗanyen ƙwai ko gishiri, kuma za'a samu masu cewa a shafa, har da manya da kike jin kunya, ki ce "Hajiya bari mu gama da ruwan tukuna" ki cigaba da abinda kike. In ƙunar tana da faɗi ko a fuska take ko hannu ko al'aura, asibiti kai tsaye, ba kemis ba.

Cin naman kansa ma sai da lura. Soyayyen naman Sallah tauri gareshi, ɗan ƙasa da shekara huɗu ki yayyaga masa siriri ko ki daka masa kamar dambu, ya ci a zaune ba yana gudu da tsoka a baki ba, shaƙewa ba ta sallama. Ki kuma sa ido don kowa ya wuce sai ya miƙa masa guntu, kafin dare yaron da ko rabin kwanon tuwo baya gamawa ya ci naman mutum biyu ga kitse ga lemon kwalba, washegari sai zawo. Ki ajiye ORS, wato garin gishiri da sikari na zawo, da ƙwayar zinc a gida tun kafin Sallah. In babu, lita ɗaya na ruwa mai tsafta, wato kamar fiya wata biyu, sikari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi, a dinga bashi kaɗan kaɗan, mai shan nono kuma a cigaba da bashi. In ya ƙi sha ko yana ta amai ko idonsa ya faɗa ko kin ga jini, ki ɗauke shi ku tafi.

Manyan yaran kuwa aiki ne maganinsu. Ki basu rabon nama, kwano a leda, ki ce kai wa Maman wance ka ce ina gaisheta ina mata barka da Sallah. Mu a layinmu akwai maƙota Kiristoci da duk Kirsimeti sai shinkafa da cincin ɗinsu sun shigo mana, toh gidansu ne farkon inda nake aika ɗana, yanzu ma shi yake tuna min. Firiza kuma kar ki dogara da ita, kin san halin NEPA da damina, hadari na haɗuwa sun ɗauke, gara ki soya ya soyu sosai ruwan ya ƙone ki bari ya huce kafin ki rufe.

Yawon Sallah shi ya taɓa kayar da ni. Rana ɗaya muka ce sai mun zaga gida shida, daga Badarawa zuwa Unguwar Dosa, mu gangara Tudun Wada mu ƙare a Rigasa wajen gwaggon Abbansu, a napep, da yara uku da kular abinci. Kafin gida na huɗu auta ya wuce lokacin barcinsa ya koma wani abu daban, yana banƙarewa yana ihu a cikin cunkoso, pampas ya ƙare, yarinya ta yar da takalmi ɗaya ban san a ina ba, muka isa gidan gwaggo ina gaisheta ina haɗiye hawaye. Daga ranar na yanke, gida biyu a rana, kakanni a fara da su, a fita da hantsi a dawo kafin barcin rana ko kuma a fita bayan la'asar. Sauran dangi Sallah ai ba kwana ɗaya bace, a bisu cikin sati, wanda zai yi fushi dama yana neman dalili ne. Jaka ɗaya a kafaɗa: pampas fiye da yadda kike zato, kayan canji, ruwan sha, biskit, leda ta saka wanda ya ɓaci.

In suna ta naci sai an kaisu wasa, Gamji ko wani wurin lilo, kar ki je ranar Sallah ko washegari, cika ake yi ba masaka tsinke, ki bari sai rana ta uku ko ta huɗu da safe, kuma Gamji a bakin kogin Kaduna yake, hannun yaro a cikin naki. Hawan Sallah na Zariya abin kallo ne wallahi, amma da mai goyo ko ɗan shekara uku ni ban bada shawara ba, ga rana ga turmutsutsu ga dawakai ga ƙarar bindigogi, a bari su yi wayo babansu ya kaisu.

Goron Sallah kuma mu ji tsoron Allah iyaye mata, "kawo in ajiye maka" ɗin nan duk mun san inda yake ƙarewa, a kuɗin magi. Ɗana ya fara riƙe lissafi, bara ya tuna min da naira ɗari biyar ɗinsa a gaban baƙi. Yanzu asusu na siya musu kowa da nasa, in sun dawo a ƙirga a gabansu, a cire kaɗan su siyi abinda ransu ke so sauran a jefa. Sharaɗi ɗaya ne, ba nokawut ba bindigar roba mai harsashi, wannan 'yar ƙwallon tana fasa ido.

Ana saura kwana biyu a koma makaranta ki fara maida su barcin wuri ki karɓe wayarki daga hannunsu, ki duba yunifom da safa da jaka tun da rana, in ba haka ba safiyar Litinin zaki gane takalmin makaranta ɗaya yana bayan buhun dusar rago. Ki kuma ɗebi soyayyen nama ki ɓoye na sakawa a kular makaranta, inda babansu ba zai gani ba, don shi ne babban ɓeran ba yaran ba. Ni nawa a cikin bokitin fenti nake sakawa wanda na rubuta KUKA a jikinsa, shekara biyu kenan bai taɓa buɗewa ba.