Kurakuran da aka fi yi wajen rufe fayil da magance matsala a manhaja

Yawancin manhajojin da masu koyo suke rubutawa a nan Bauchi, na lissafin makin ɗalibai ne ko na kayan shago, suna aiki lafiya lau ranar gwaji, sai an ɗora musu aiki na gaske sannan aibinsu ya bayyana. Sau da yawa tushen matsalar fayil ne da aka buɗe aka bari a buɗe.

Idan manhaja ta rubuta bayani, ba nan take yake sauka a faifai ba, ana tara shi ne tukuna a ma'ajiyar wucin gadi har ta cika ko a rufe fayil ɗin. Shi ya sa ɗan kasuwa a Wunti zai shigar da cinikin yini, a ɗauke wuta, washegari ya tarar rabin lissafin ya salwanta. Bayan haka, galibin kwamfutocin da ke aiki da babbar manhajar Linux fayil 1024 kacal suke bari manhaja ɗaya ta riƙe a buɗe, saboda haka wadda take buɗewa ba ta rufewa za ta wayi gari ta kasa buɗe ko ɗaya.

Wasu sun san da rufewar, amma sai su ajiye umarnin close, wato na rufe fayil, a layin ƙarshe, alhali da zarar matsala ta auku a tsakiya ba za a taɓa isa wurin ba. Maganin wannan ya daɗe da samuwa. A cikin harsunan rubuta manhaja, Python ta kawo umarnin with tun 2006, Java 7 kuma ta kawo try-with-resources a 2011, dukansu suna rufe fayil ko aiki ya tafi daidai ko bai tafi ba. Mai rubutu da harshen C kuwa ya duba amsar da fclose, umarnin rufe fayil, ta mayar, domin rufewar ma tana iya gazawa idan faifai ya cika.

Kuskuren da na fi ƙi shi ne a Python a rubuta except, umarnin kama matsala, sannan a bi shi da pass, wato kada a yi komai. Wannan rufa-rufa ce kawai, manhaja za ta ci gaba kamar babu abin da ya faru, mai shago kuma yana ganin lissafinsa na nan. A ambaci irin matsalar da ake tsammani, misali FileNotFoundError, wato ba a sami fayil ba, a rubuta ta a kundin rahoto, sauran kuma a bar su su tsayar da aikin.

A kuma tuna cewa buɗe fayil da "w", wato don a yi rubutu a cikinsa, yana share abin da ke ciki nan take. Idan bayanin mai muhimmanci ne, a rubuta sabon a wani fayil na dabam, a rufe shi, sannan a maye gurbin tsohon da shi ta hanyar umarnin os.replace na Python.