Yadda ake gwada ƙafar mai ciwon suga a gida da ɗan yatsa

A unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi, in ka tambayi mai ciwon suga lafiyar ƙafarsa, yakan ce, "Alhamdu lillahi, ba ta ciwo." To, rashin ciwon nan shi ne abin tsoro. Suga in ya daɗe yana hawa, yakan kashe jijiyoyin da ke sa a ji taɓi da zafi, kuma daga yatsun ƙafa yake farawa. Sai mutum ya taka ƙusa, ko ya tsaya ba takalmi a kan siminti mai zafi ranar Juma'a, bai ankara ba sai gyambo ya buɗe.

Akwai gwajin da likitocin Ipswich a Ingila suka fitar a 2011, ba ya cin ko sisi. Amma mutum ba ya yi wa kansa, sai da ɗa ko mata ko maƙwabci.

Da farko a cire takalmi da safa, a miƙe ƙafafu. Ka ce, "Baba, rufe idonka, in ka ji na taɓa ka ce dama ko hagu."

Sai ka ɗora kan manuniyarka a kan yatsan, daƙiƙa 1 zuwa 2. Wuri 6 za ka taɓa, bi da bi: babban yatsan dama, ƙaramin dama, babban na hagu, ƙaramin hagu, sannan na tsakiyar dama da na tsakiyar hagu.

A nan ake kuskure. Taɓawa ce kamar saukar ƙuda, ba dannawa ba, ba susa ba. In Baba ya yi shiru, kada tausayi ya sa ka maimaita ko ka ƙara ƙarfi don ya ji. Rubuta ka wuce. In bai ji wuri 2 ko fiye ba, jin ƙafar ya ragu, sai asibiti, na unguwa ko babban asibitin Komfo Anokye. A can za su gwada da wani siririn zaren roba da ke lanƙwashewa a nauyin giram 10. Ko da ya ji duka shidan, a duba shi a asibiti sau ɗaya a shekara.

Tunda ƙafar na hannunka, leƙa tsakanin yatsu da diddige: faso, kanta, bororo, kumburi. Kantar nan kada a kai wa mai yankan farce ya sa mata reza. Ruwan alwala kuwa, in an ɗumama lokacin hunturu, a fara gwada shi da gwiwar hannu, in an gama a tsane tsakanin yatsu da tawul.