Neman takardunka a hannun hukuma

Jama'a, mai neman fayil ɗinsa a ofishin gwamnati, ko na fili a KADGIS (hukumar filaye ta Jihar Kaduna) ko na aiki, kada ya tsaya ga roƙon baki. Rubuta wasiƙa kwafi 2, ka sa lambar fayil da NIN, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Ba hatimi, ba shaida, sai a ce ba ta iso ba.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumomi kwana 7 su amsa, ana iya ƙara 7. In sun hana, kana da kwana 30 ka je kotu.

Bayanan ɗan'uwa kuwa sai da yardarsa a rubuce. Na mamaci, riƙe takardar mutuwa da ta gado daga kotu.