Kafin ka yanke hukunci kan launin ɗan alfaka

Jama'a, ga wata shawara ga masu sha'awar alfaka, dabbar nan dangin raƙumi da ake kiwo a tsaunukan Peru da Bolibiya saboda gashinta.

Kada launin da ka gani a saman jikin ɗan alfaka ya ruɗe ka. Sa yatsu biyu ka buɗa gashin gefen cikinsa har ka ga fata, launin da ke gindin gashin shi ne na gaskiya. Bakin gashin kuwa rana tana koɗar da shi. Shi ya sa baƙar alfaka takan koma kamar ruwan ƙasa daga nesa, sai an yi mata askin shekara ta fito baƙa wuluk. Wasu kuma furfura ce ke ratsa gashinsu sannu a hankali, har su zama ruwan toka da girma.

Wajen gado ne aka fi shan mamaki. Fari yakan ɓoye wani launi a ƙarƙashinsa, don haka farare biyu za su iya haifar mai duhu. Baƙi kuwa sai ɗa ya gado shi daga uwa da uba duka, shi ya sa baƙaƙe biyu galibi baƙi suke haifa. To ka tambayi launin kakanni, domin cikin alfaka wata 11 ne da ɗoriya, jira ne mai tsawo.

Abin da ya fi damuna shi ne fara mai shuɗin ido. Da yawansu kurame ne. Ka tafa hannu a bayanta, ka ga ko kunnenta zai motsa.