Ga masu anketi kan motsa jikin yara

Salama alaikum 'yan uwa. Masu shirin anketi nan Tahoua, don Allah kada ku tsaya ga lakwal kaɗai ku ba yaro takarda ya kai gida, wallahi ba ta dawowa. Ku fara da mai unguwa, sannan ku shiga gida-gida bayan la'asar in rana ta yi sanyi, ku gaida maigida, kuma kada ku manta da kaka don ita ke hana yaro fita ko ta bar shi.

Wannan 'yar na'urar da ake ɗaura ma yaro ga ƙugu kwana 7 don auna motsinsa, wata uwa ce mini ta yi "ɗana, ba maganarmu take ɗauka ba?" Sai da na ɗaura mata ita ta yi daka da ita, na gwada mata motsi kawai take ƙirgawa, sannan ta yarda.

OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta ce minti 60 na motsa jiki kullum ga yara 'yan shekara 5 zuwa 17, amma in kun tambayi balo da langa kaɗai kun zubar da 'yan mata, ku tambayi ɗibar ruwa, talla, tafiyar ƙasa zuwa lakwal. Iyaye sun fi mu sanin wannan. In kun gama ku koma ku faɗa musu abin da kuka samu, da Hausa.