Yadda ake saita taimin a tsohuwar mota mai injekta bayan an yi mata aikin inji

Wannan bayanin na masu tsofaffin motoci ne na ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin 1990, waɗanda sun bar kabureta sun koma injekta amma har yanzu suna da distirbuta, mai raba wa filogi wuta. Taimin shi ne daidai lokacin da wuta ke tashi a filogi. In motarka kowane filogi da kwayil ɗinsa a kai to babu abin da za ka juya, kwakwalwar motar ce ke yin komai.

An canza gaskit ɗin kan silinda ko taimin bel, ko dai an cire distirbuta an mayar, mota ta tashi kowa ya yi murna, bayan kwana biyu sai ka ji ba ta ja kamar da, ga shan mai ga zafi, ko kuma in ka taka totur a hawa ka ji inji na ƙyar-ƙyar kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Ta farkon yawanci wuta ce ke zuwa a makare, ta biyun kuma wuta ta yi gaggawa ne, kuma ita ce mai haɗari don tana iya cinye fistan. Mutane da yawa da kunne suke saitawa, a juya distirbuta har sai sulo ya yi daɗi a ɗaure. A kabureta ma wannan dabarar maleji ce balle a injekta, inda kwakwalwa ke ƙara wuta tana ragewa a bayan idonka, kana juyawa tana gyara abinta.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin a kan wata Corolla mai injin 4A-FE bayan mun yi mata gaskit. Na haska fitilar taimin, wadda ke walƙiya duk sanda filogi ya ba da wuta, na ga alamar da ke jikin fuli tana ta rawa gaba da baya, na yi ta bin ta da distirbuta har na gaji na ɗaure a inda na ga dama, motar ta yi sati tana tafiya kamar an ɗaura mata kaya. Ashe ƴar guntuwar waya ce kawai ban saka ba.

Kafin komai ɗaga bonet ka nemi takardar nan da kamfani ke mannawa a ciki, a nan suke rubuta digiri nawa injin yake so da gudun sulo. Za ka ga an rubuta misali 10 BTDC, ma'ana wuta ta tashi saura digiri 10 fistan ya kai ƙololuwa. In takardar ta goge nemi littafin motar, kar ka ari lambar wata mota. Sai ka sami alamar da ke jikin fulin karanshaf, ƴar tsaga ce ƙarama da datti ke rufewa, ka goge ta da tsumma ka shafa mata farin alli ko fenti, haka ma lambobin da ke jikin murfin taimin.

Tada mota ta yi zafi sosai har fankar lagireto ta kama ta saki, giya a firi, ja hambirki, kashe AC da fitilu da duk wani abu mai jan wuta.

Yanzu sai a ɗaure wa kwakwalwa hannu, kuma kowane kamfani da hanyarsa. A Toyota akwai ƙaramin akwati a ɗakin inji da aka rubuta DIAGNOSIS a kai, ka haɗa ramukan TE1 da E1 da ke cikinsa da waya, galibin injinansu irin 4A-FE da 5S-FE digiri 10 ne. A Ford akwai ɗan abin da ake zarewa mai suna SPOUT, shi ma yawanci 10. Honda kuma soket ne mai baki biyu, galibi a ƙarƙashin dashbod ta wajen fasinja, a haɗa bakunan biyu, Civic da yawa na lokacin digiri 16 ne, jar alamar tsakiya a jikin fuli. Wani abu da ke wahalar da mutane a Toyota, in sensan totur bai zauna daidai ba kwakwalwa ba za ta san mota na sulo ba, ko ka saka wayar taimin ba zai tsaya ba, to fara gyara wannan tukuna.

Fitilar taimin ka maƙala jan bakinta da baƙin a batir, maƙalin na uku a wayar filogi na ɗaya, wato galibi silindar da ke kusa da fuli a injin mai silinda huɗu. Don Allah ka kula da hannun riga da wayoyin fitilar, bel da fanka ba sa jira, kuma hasken fitilar yana sa fuli ya yi kamar a tsaye yake alhali gudu yake. Sassauta notin distirbuta kaɗan kawai, yadda za ta juyu da ƙyar. In ka juya ta kishiyar inda rotar da ke cikinta ke juyawa wuta za ta ƙara gaggawa, in ka bi rota za ta ja baya. A hankali fa, digiri 1 a distirbuta digiri 2 ne a karanshaf. Da alama ta zo kan lambar sai ka ɗaure, ka sake haskawa, don sau da yawa garin ɗaurewa take gocewa.

To in ka juya har ƙarshen ramin noti alama ba ta iso ba fa? Kar ka fara tunanin faɗaɗa ramin, matsalar ba a nan take ba. Ko bel ya tsallake haƙori ɗaya lokacin da aka saka shi, ko an zura distirbuta a karkace. Kashe mota, cire filogi na ɗaya, toshe ramin da yatsa ka juya inji da sifana har ka ji iska na turo yatsan, ka kai alama kan 0, sannan ka duba alamar kamshaf ta yi daidai kuma rota na kallon wayar na ɗaya. Karanshaf sau biyu yake zagayawa kafin distirbuta ta yi ɗaya, shi ya sa ake samun wanda ya saka ta a juye gaba ɗaya, mota ta ƙi tashi sai harbi ta salansa. Duba jerin wayoyin ma, yawancin masu silinda huɗu 1-3-4-2 ne. Akwai kuma fulin da robar tsakiyarsa ta tsufa, zoben waje ya zame da alamar, shi wannan duk abin da fitila ta nuna maka ƙarya ne sai an canza shi.

Ka gama, cire wayar da ka haɗa ko ka mayar da SPOUT, kar ka manta da wannan ko kaɗan. Sake haskawa ka ɗan taka totur, ya kamata ka ga alamar ta gudu gaba, shaidar kwakwalwa ta karɓi aikinta kenan. Daga nan fita da motar ka nemi hawa, taka ta a babbar giya gilashi a sauke kana saurare, in ka ji ƙyar-ƙyar ɗin nan dawo ka sake aunawa tun inji na da zafi.